Albasar Kan Iyaka

Ranar da ruwa ya ɓullo a rijiyar, Ɗayyabu ne a ƙasa da dagi a hannu, ɗansa na fari yana bisa yana jan kwandon ƙasa. Yatsun ƙafarsa ne suka fara jin sanyin kafin idonsa ya gani. Ya durƙusa cikin duhun ramin, ya jira laka ta kwanta, ya ɗiba da tafin hannu ya kai baki. Ba gishiri, ba kanwa. Ya ɗaga kai ya hango kan yaron a bakin rami, baƙi ƙirin a cikin farin sama.

"Kai," ya ce, "sauko mini da ƙwarya."

Kai yake ce masa, ko wanga yaro in yana maganarsa da wani. Sunan da aka raɗa masa Muntari, amma ɗan fari ne, tun ranar suna kuwa sunan bai taɓa fita daga bakin uban ba. Bai taɓa ɗora shi a kafaɗa ba, bai taɓa yaba masa a gaban mutane ba. Haka aka tarar ana yi. Yanzu yaron ya tsiro gemu, ya fi uban tsayi, har yau dai kai ne.

Ɗayyabu mutum ne da ba ya wuce rumbunsa bai ƙwanƙwasa ya ji inda hatsi ya tsaya ba. Tun shekarar da fara ta cinye geron Adar, aka koma cin anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, ya binne yara biyu a wata guda, zuciyarsa ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Damina ta yi kyau, yana tsoron ta gaba. Shi ya sa da aka gama kaka ya ɗauki dagi ya sauka kwarin da ke ƙarƙashin garinsu, can cikin duwatsun Garhanga, ya fara haƙa a gefen gonarsa inda ya lura ciyawa tana daɗewa ba ta bushe ba. Rijiya a kwari albasa ce da rani, albasa kuwa gero ce a kasuwa. Ƙannen yaron, Hamsatu da Habu, ba za su san ɗacin anza ba.

Washegari Maiguwa ya sauko kwari. Gonarsa ce ke manne da ta Ɗayyabu ta gabas. Sa'o'in juna ne, wanzami ɗaya ya yi musu kaciya rana ɗaya, tun daga nan kuma ba su bar tsokanar juna ba.

"Gafiya, an ce ka haƙo ruwa."

"Na haƙo. Zo ka sha, ko tumbin nan ya ji wani abu ban da furar mutane."

Maiguwa ya sha, ya share gashin baki. Bai yi dariya ba. Ya taka daga bakin rijiyar ya yi gabas, ya dawo, ya tsaya yana duban rairayi.

"Allah Ya saka maka da alheri, Ɗayyabu. Ka yi mini aiki."

"Wane aiki?"

"Rijiya a cikin gonata."

Ɗayyabu ya ƙyalƙyale da dariya, ya jira abokinsa ya taya shi. Sai ya ga shi kaɗai yake yi.

Abin da ya ba Maiguwa bakin magana shi ne ƙorama. Daminar da ta gabaci ta bara ta cika ta tumbatsa, ta kwashe duwatsun iyaka da kututturan gamba, ta shimfiɗa rairayi a madadinsu. Ba wanda ya damu, tunda wurin ba ya ba da komai sai gero mai kan tsinke. Yanzu da ruwa ya fito a ƙarƙashinsa, rairayin ya sami masu shi.

Aka zauna a ƙofar maigari. Maiguwa ya faɗi tasa, ya kawo kakansa da kakan kakansa. Da aka juyo kan Ɗayyabu sai ya ce, "Ranka ya daɗe, shaidata tana barci a ƙarƙashin ƙasa. A jira ta farka."

Ba wanda ya tambayi abin da yake nufi. Kowa a garin ya san albasar Gajere. Albasar kwaɗi ce, irin wadda ke fitowa a bakin tabki, ba a cin ta, akuya ma ba ta kula ta saboda ɗaci. Gajere, uban Ɗayyabu, wanda sai da ya yi furfura ya fara sa goshi a ƙasa, shi ya haƙo ta daga wani tabki wajen Ibohamane ya jera ta a kan iyakarsa. Ya ce dutse ana ɗauke shi, gamba ana cinna mata wuta, amma abin da ya kwanta a ƙasa rani duka ba mai ganinsa balle ya taɓa. In ruwa ya sauka sai ta farka. Ganye dogaye masu sheƙi su fara fitowa, sannan kara ɗaya mai kauri, a kansa furanni farare, kowanne da jan zane a tsakiya kamar an ja masa lalle da tsinke. Mata masu kai fura gona sukan ce Gajere ya tashi duba iyakarsa. Da kaka ganyen ya bushe, iska ta kwashe, ƙasa ta rufe bakinta. An haƙa rijiyar bayan ganye ya tafi, don haka ba idon da ya taɓa ganin su tare.

"To tashi ka tono mana ita mu gani," in ji Maiguwa.

"In na nuna maka makwancinta yau, gobe rami zan tarar."

Mutane suka yi dariya, har da Maiguwa. Maigari ya dubi Isaka, tsohon da ya fi kowa shekaru a garin, Isaka ya gyaɗa kai. Aka yanke a jira ruwa. Inda albasa ta tsaya nan ce iyaka. Kafin nan kowa ya sha, kada wanda ya dasa komai.

Ɗayyabu ya koma gida zuciyarsa sakayau, abin da ya daɗe bai ji ba. Mutum biyu ne kaɗai a duniya suka san yadda ake gano albasar da rani, shi da wanda yake ce wa kai.

Albasar kwaɗi in ta daɗe a wuri tana tara 'ya'ya, su matse ta har ta daina fure, sai an tono an raba an mayar. Tun yaron bai kai ga riƙe hauya ba uban yake tafiya da shi wannan aiki, su biyu, ba a gayyar kowa.

"Jingina bayanka da aduwar nan. Dubi tsagar dutsen can. Ka gan ta? Kada idonka ya bar ta, yi ta tafiya."

Sai ya ba shi siririn tsinken magarya ya riƙa soka ƙasa a hankali. Inda tsinken ya shige da sauƙi, a zare a shinshina. In an ji ɗaci mai kama da na ɗanyen magani, tana nan. Ya nuna masa bambancinta da albasar kura, mai sa hannu ƙaiƙayi, mai gajeren wuya. Tasu wuyanta dogo ne, ɓawonta kamar tsohuwar takarda. Ya nuna masa zurfin rami, har gwiwar hannu. A kifa tsingaro a ƙasa don kada ruwa ya kwanta mata a gindi ta ruɓe. A zuba toka tafi guda saboda gara. A zaunar da ita wuya sama.

"Kafin ka rufe tsohon rami, lalube shi da yatsu. Kada ka bar 'ya'yanta. Kuma ka sani ba ta son a tashe ta. Shekarar da aka ɗaga ta ganye kawai za ta ba ka, fure sai ta huce."

Duk rayuwarsu ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba sai a kan wannan layi, tsakanin aduwa da tsagar dutse. Yaron yana da hannu. Yakan zaunar da albasa kamar mai kwantar da jariri. Ɗayyabu ya gani, bai faɗa ba. A ganinsa ai ya riga ya faɗa, tunda bai koya wa kowa ba sai shi.

Tsakiyar rani masu jar hula, dogaran Nasara, suka zo daga wajen kwamanda neman mutanen aikin hanya. Kowane babban gida mutum guda, gidan Ɗayyabu kuwa yaron aka ambata. A shekarun nan Nasara suna yaƙi can bayan teku, kuma kowa ya ji cewa samarin da suka je fasa dutse akan jera su, a bubbuga musu ƙirji, masu ƙarfi a wuce da su yaƙin. Ɗan ƙanwar Isaka haka ya tafi, ko labarinsa ba a sake ji ba. Ɗayyabu bai ci tuwo ba ranar. Da gari ya waye ya je ya durƙusa gaban maigari ya ce shi zai tafi, ai mutum guda aka ce, ba a ce wane ba. Ya roƙi kada a yaɗa.

A gida cewa ya yi, "Maigari ya ce ni ake so."

Yaron ya ɗago kai. "An ce mini ni ne."

"An dai ce maka. Ka kula da gida. Ka sa ƙaya a bakin rijiya saboda dabbobi."

Ya yi sauran ranin a hanyar Madawa, yana fasa dutse yana ɗaukarsa a ka. Farcen babban yatsansa ya fita, ƙura ta zauna masa a ƙirji ta bar masa tari. In rana ta take, maƙogwaro ya bushe, sai ya tuna sanyin nan tsakanin yatsun ƙafarsa, ya haɗiye yawu ya ci gaba. Aka sallame su da hadari ya fara haɗuwa a gabas, don su je su yi shuka.

Tabawa, matarsa, ta tarye shi da ruwa da labari. Ba ta ma jira ya gama sha ba.

"Maigida, Maiguwa ya karɓi goro."

"Goron mi?"

"Na Zaliha mana. Ya ba wanga yaro."

Ɗayyabu ya ajiye ƙwaryar. Shekara biyu yaron yana zarya a ƙofar gidan Maiguwa saboda ɗiyarsa Zaliha, ita ma tana so, uban yana ta ja musu rai, yau ya ce ba ta isa ba, gobe ya ce wani ɗan uwa ya riga ya yi magana.

"Ashe yana da kunya," ya ce. "Ya ga abin da ya yi mini bai kyautu ba, yana neman hanyar gyara."

"Allah Ya sa." Ta juya tana kakkaɓe tabarma. "Gida dai lafiya, ban da ɓarayin banza. Tsingaron jan tuluna da na ajiye bayan rumbu kaji na shan ruwa, wani ya kwashe tas. Mi za a yi da tsingaro?"

Ya san tulun. Na uwarta ne, ja, da zanen ƙafar zabo zagaye da wuyansa, ya fashe da kakar bara ta kusa yin kuka. Ya ce mata yara ne, za su yi wasan gidan ƙasa. Da yaron ya shigo ya durƙusa ya yi masa barka da dawowa, idonsa a ƙasa, Ɗayyabu ya ɗauka kunyar maganar aure ce. Ya so ya ce masa ya rame. Sai ya ce, "Ka sa ƙayar?"

"Na sa."

Ruwa ya sauka mai ƙarfi, ƙorama ta yi gudu ta janye, aka yi shuka. Ɗayyabu ya hana kansa zuwa gefen rijiya, kada a ce ya je ya taɓa wani abu. Da gero ya fara tsaga ƙasa maigari ya aiko a haɗu a kwari da hantsi. Suka sauka tare da dattawa da duk wanda ba shi da aikin yi, Ɗayyabu a gaba yana tari yana sauri.

Tun daga nesa ya hango koren layin, miƙaƙƙe, daga gindin aduwa ya ratsa rairayi. Ya hango rijiyar. Sai ƙafarsa ta rage sauri da kanta. Rijiyar tana gabas da layin, a gefen Maiguwa.

Mutane suka tsaya a bakin layin. Ɗayyabu ya wuce su ya je ya jingina bayansa da aduwa. Ya ɗaga ido. Layin bai nufi tsagar dutse ba, ya karkace kaɗan ya nufi wani ƙundumin dutse da ba shi da suna. Karkatar ba ta da yawa. Daidai abin da zai haɗiye rijiya ne.

"To," in ji Maiguwa, yana gyara rigarsa, "shaida ta farka. Ni ban kira ta ba, shi ya kira ta."

Isaka ya dogara sandarsa ya bi layin a hankali, yana sunkuyawa yana duba kowane tushe. Ya dawo.

"Bana Gajere bai sa farar hularsa ba," ya ce. "Ganye na gani, ban ga fure ba. Ko ɗaya."

"Ruwa ne bai ishe ta ba, Baba," in ji Maiguwa.

"Ruwan da ya kusa tafiya da jakina?"

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Maiguwa ya buɗe tafukan hannunsa.

"In ana zargina a kawo abin rantsuwa. Hannun nan bai taɓa albasar nan ba. Ni ko ta miya ban iya dasawa ba, kowa ya sani. Kuma a ƙofar maigari, a gaban kowa, ya ƙi nuna mini makwancinta."

Ɗayyabu ya san gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba shi tsoro. Ya durƙusa a gindin tushen da ke kusa da rijiya, ya fara tono da yatsu a gefe. Yana roƙon Allah a zuci ya tarar da aikin ɓarawo, albasa a kife ko a karkace, an cusa ta sama-sama cikin gaggawa. Ƙasar ta yi laushi, hannunsa ya yi ta shiga. Wuyan albasar yana tsaye sak. Ya kai gwiwar hannu. Ya ji santsin toka da ta jiƙe. Ƙarƙashinta ya ji abu mai tauri, a kife.

Ya zaro shi cikin dunƙulen laka, ya murza da babban yatsan da ba farce. Ja ne. Ga ƙafar zabo guda biyu da rabin ta uku.

Ya rufe hannunsa.

Wanda ya yi aikin nan bai yi gaggawa ba. Ya zo da tokarsa, ya zo da tsingaronsa, ya auna zurfi, ya zaunar da kowace ɗaya yadda ba za ta ji ciwo ba. Ko shi Ɗayyabu ba zai fi haka ba. Ya waiga. Yaron yana can bayan mutane wajen da aka ɗaure jakai, yana kankare laka daga ƙafarsa da tsinke.

"Ɗayyabu," in ji Isaka, "kai ka san ta. Albasar ubanka ce, ko ba ita ba? In akwai magana, yanzu ne lokacinta."

Maganar tana nan a bakinsa, gajera. Abin da ya rage kawai ya ce an ɗaga ta, ya buɗe hannu, a je a tona tsohon layi a ga ramukan da aka cike. Kafin azahar rijiya ta dawo. Amma bayan wannan sai a tambayi wanda ya ɗaga, tsingaron kuma duk matan garin sun san tulunsa. Wanda ya ture iyaka, iyakar ubansa ma, ba mai ba shi ɗiya, ba mai haɗa kafaɗa da shi a gayya. In masu jar hula suka dawo neman ƙirji masu ƙarfi, maigari ba zai wahala wajen tunanin ɗan wa zai miƙa ba. Ya tuna Hamsatu da Habu, ya tuna ɗacin anza. Ya sake duban wajen jakai.

"Albasar babana ce," ya ce.

"Iyakar ke nan?"

"Na ce inda ta tsaya a bi. Ga inda ta tsaya."

Isaka ya daɗe yana dubansa, ya dubi hannun da ke dunƙule, sannan ya juya ya tofar da yawu gefe. Maigari ya yanke, aka shafa fatiha. Maiguwa ya zo ya dafa kafaɗarsa.

"Gafiya, kada ka sa a rai. Ai mun zama gida ɗaya. Duk ranar da kake son ruwa ka zo ka ɗiba, ba sai ka tambaya ba."

Ɗayyabu ya mayar da ƙasa a gindin albasar, ya danna da tafin hannu yadda ya kamata, ya tashi.

Ya tarar da Tabawa tana tankaɗe a inuwar rumbu. Ya ajiye tsingaron a kan faifanta, bisa garin. Hannunta ya tsaya. Ta dube shi, ba ta taɓa shi ba.

"Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Ta sauke numfashi, a cikin numfashin nan kuwa ya ji abin da ya rage bai sani ba.

"Kin sani ke nan."

"Ban sani ba. Na dai ga toka a ƙafar wandonsa, kwana da kwana. Na ce wa raina murhu yake gyara mini."

"Kuma kika zo kina tambayata mi za a yi da tsingaro."

"So nake ka ce mini yara ne. Ka kuwa ce." Ta share ido da gefen mayafi. "Maiguwa ya yi ta kiransa bayan tafiyarka. Na ji an ce yana gaya masa in aka yi auren rijiyar ta 'ya'yansu ce, ba inda ta je."

"Maiguwa yana da 'ya'ya maza uku, su ne magadansa."

"Na sani, Maigida."

"Ina can ina ɗaukar dutse a kaina."

"Bai san don shi ka tafi ba. Kai ka hana a faɗa. Yana ganin Habu kake goyo, Habu kake kira da suna, Habu ka ce za ka koya wa dashen albasar miya in rijiya ta zauna. Ya ɗauka shi jan igiyar rijiya kawai aka kira shi."

"Shi na kai gindin aduwa," in ji Ɗayyabu. "Ba Habu ba."

Ya ɗauki tsingaron ya hure garin da ya manne masa, ya kai bayan rumbu ya kifa shi daidai, ya zuba wa kaji ruwa a ciki. Da ɗan gari akan ci gari, ya ji ana faɗa tun yana yaro, bai taɓa zaton garin zai zama shi ba.

Bai ce wa yaron komai ba. Suka ci gaba da fita gona tare, suna cin tuwo a akushi daban-daban kamar da. Aka sa ranar aure bayan kaka. Maiguwa ya kewaye rijiyar da shingen ƙaya, ya bar 'yar ƙofa, ya fara maganar irin albasar da zai sayo a Madawa.

Lokacin noma na biyu, wata rana da zafi ya yi yawa, gorar Ɗayyabu ta ƙare. Ya daɗe yana tsaye da ita a hannu kafin ya tsallake koren layin ya shiga ta 'yar ƙofar. Ruwan yana nan yadda ya bar shi, ba gishiri, ba kanwa. Ya cika gora ya fito ta gabas, cikin geron Maiguwa, sai idonsa ya faɗa kan wani abu a gindin kunya. Ganye biyu ne sirara, ba su fi tsawon yatsa ba. Duk wanda ya gani zai ce ciyawa ce. Amma ciyawa ba ta wannan sheƙi. Ya tsinke ƙarshen ɗaya ya murza ya shinshina.

Ya koma gindin aduwa ya jingina baya, ya sa ido a tsagar dutse, ya fara tafiya. Ga wata. Ga wasu biyu a haɗe. 'Ya'yan da aka bari a tsofaffin ramuka ne, sun ji ruwa sun taso a makare, a kan layin Gajere, daidai inda yake. In aka ƙyale su, nan da 'yan shekaru za su yi kauri su fitar da kara, wata safiya bayan ruwan farko matan da ke kai fura su ga farar jera a tsakiyar gonar Maiguwa, rijiya kuwa a yammacinta. Ba sai kowa ya buɗe baki ba.

Ya duba hagu da dama. Ba kowa sai wani makiyayi can kan tudu. Ya durƙusa ya fara tonowa, ɗaya bayan ɗaya, yana lalube kowane rami da yatsu har sai ya tabbata ba saura, yana mayar da ƙasa yana shafewa. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen gonar. Duka ba su cika tafi biyu ba, ƙanana kamar ƙwan kurciya. Ya zuba su a hularsa.

Yaron yana can ƙarshen kunya, ya ba shi baya, hauya na tashi tana sauka. Ɗayyabu ya tsaya a bayansa har tarin ya lafa.

"Muntari."

Hauyar ta tsaya a sama. Ya juyo a hankali, kamar wanda bai tabbata shi ake kira ba, ya dubi bayan uban ko akwai wani. Ba kowa.

"Miƙo hannunka."

Ya miƙo duka biyu. Ɗayyabu ya juye masa abin da ke cikin hular, ya kakkaɓe ta a gwiwa ya mayar a ka.

"Na ce maka ka riƙa lalube rami. Ka bar 'ya'yanta."

Muntari ya dubi abin da ke hannunsa.

"Baba, ina zan sa su?"

"Kai ka san iyaka yanzu."

Ya ɗauki hauyarsa ya koma kunyar da ya bari. Da ya kai ƙarshenta ya juyo don kama ta gaba, Muntari yana nan tsaye inda yake, hannu biyu a buɗe, rana tana busar da ƙasar da ke jikin saiwoyin.